"Mun Ji" Ba "Mun Yarda" Ba Ne

Wata ranar Juma'a da daddare ina zaune a ƙofar gida a nan Sabon Gari, an ɗauke wuta, sai ga saƙon ɗan ƙanwata daga Yamai. Yaron ya karanta Ingilishi a Jami'ar Abdou Moumouni, kuma tun da ya gama yake ɗan samun aikin tafinta jefi-jefi idan baƙi sun zo. Ya ce, "Kawu, ka taimake ni. Ranar Litinin za a zauna da wasu baƙi 'yan Rasha. Ba sa jin Faransanci sosai, da Ingilishi za a yi, kuma ni aka ce in rubuta abin da aka tattauna. Idan an yarda da abu, na san yadda zan rubuta. To idan ba a yarda ba fa? Yaya zan sa shi a takarda ba tare da na ɓata wa kowa rai ba?"

Ya ƙara da cewa a zaman da ya gabata ya lura tafintan baƙin yana riƙe da wani ɗan littafi a aljihu. Da suka fita shan shayi ya nuna masa. Jimlolin Ingilishi ne a jere, kowace da fassararta da Rashanci a gefe, kuma kusan dukkansu a kan abu guda suke: yadda za ka ce wannan ɓangare ya ce kaza, wancan kuma bai ga haka ba. Wato mutum biyu sun haɗu a cikin harshen da ba na uwar ko ɗayansu ba, kowa yana lalube, kuma abin da ya fi ba su tsoro duka shi ne wurin da aka saɓa.

Na yi dariya da farko. Daga baya dariyar ta tsaya, domin tambayar da yaron nan ya yi mini ita ce jarrabawar da na taɓa faɗuwa, ni da na shekara da shekaru ina koyar da Ingilishi, har yau yaran unguwa Mushe suke kirana.

Bari in ba mai karatu labarin. Wasu shekaru kafin a rufe iyaka, wata ƙungiyar agaji ta ƙasar waje ta shirya zaman kwana biyu a nan Maradi tsakanin manoman rani na Jiratawa da fatake masu sayen kaya daga ɓangaren Katsina da Jibiya. Duk wanda ya san Jiratawa ya san abin da ake nufi: fadama ce da aka gyara don noman rani tun farkon shekarun 1980, ana ɗago ruwa da injuna, ana noma zogale da albasa da tumatir da masara, kuma kaso mai yawa na amfanin yana ƙetarawa kudu. An ɗauke ni in rubuta rahoton zaman da Faransanci da Ingilishi, saboda masu ba da kuɗin. A cikin zauren kuwa babu mai bukatar tafinta in ban da baƙin. Bamaraɗe da Bakatsine, wa zai fassara wa wani? Sarautar Maradi ma ai daga Katsina ta taso bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina muke ce wa sarkinmu.

A rana ta biyu aka kawo shawara: a daina cinikin busasshen zogale da buhu, a koma sikeli, kuma a yanke kuɗin kilo tun farkon kaka don kowa ya san inda ya dosa. Fatake suka yi na'am nan take. Manoma suka yi tsit. Can sai wani dattijo daga cikinsu, wanda duk suke kallon bakinsa, ya gyara zama ya ce, "To, mun ji. Magana ce mai kyau. Allah ya kai mu lokacin." Aka yi tafi. Shugabar aikin ta juyo ta tambaye ni me ya ce, na ce mata ya ce sun ji kuma magana ce mai kyau. Da dare na zauna na rubuta a rahoto cewa ɓangarorin biyu sun amince.

Ba zan ce ban sani ba. A garin nan aka haife ni. Na san idan dattijon Bahaushe ya ce "mun ji" a gaban baƙi, sannan ya rufe da "Allah ya kai mu," to bai ce e ba. Ya dai ƙi kunyata baƙo ne a bainar jama'a. Amma rahoton da ya ƙare da "an amince" ya fi daɗin karantawa, masu aikin sun gaji, ni ma ina son a ce zaman da na rubuta ya yi nasara, a sake kirana wani karo. Kalma ɗaya ce kawai, na ce wa kaina.

A kan kalmar nan aka saki kuɗi. Aka gina rumfa, aka sayo sikeli, wasu fatake suka yi alkawari da masu motoci. Da lokaci ya yi, manoma suka ce su da buhu suka sani. Sai a lokacin dalilansu suka fito, kuma dalilai ne masu ƙarfi. Ganye yana ƙara bushewa yana rage nauyi kafin a zo ɗauka, asarar a kan wa? Sikelin a hannun wa zai zauna? Sannan kuɗin da aka yanke tun farkon kaka, da naira ne ko da sefa? Duk wanda ya taɓa canji a kasuwar Maradi ya san abin da wata uku ke iya yi wa naira. Fatake kuwa suka ɗago takarda suna cewa ga shi a rubuce, kun yarda, yanzu kun saɓa alkawari. Mutanen da suka yi shekaru suna ciniki bisa amana suka koma kiran juna maƙaryata. Wasu daga cikin fataken suka juya akalarsu wani wuri, kayan wasu manoman suka kwana a hannu har suka faɗi.

Wata safiya sai ga dattijon nan a ƙofar gidana, ɗansa ya kawo shi a babur. Bayan mun gaisa, na kawo ruwa, ya ce, "Mushe, an ce kai ka rubuta takardar nan." Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "Na ce maka na yarda?" Na ce, "Baba, ka ce kun ji." Ya ce, "To ai kunne ke ji. Ka taɓa ganin kunne ya sa hannu?" Na sunkuyar da kai. Bai ɗaga murya ba. Abin da ya faɗa kafin ya tashi shi ne ya tsaya mini a rai har yau. Ya ce, "Da ka rubuta ba mu yarda ba, da sun dawo sun tambaye mu dalili, da mun gaya musu, da wataƙila an gyara. Kai ka rufe ƙofar, kana ganin kirki ka yi mana."

Tun daga ranar na daina ɗaukar rubuta saɓani a matsayin abin kunya da ake sharewa a ƙarƙashin tabarma. Saɓanin da aka rubuta daidai shi ne ajandar zama na gaba. Wanda aka ɓoye kuwa bashi ne, kuma ba marubucin ne ke biyansa ba.

Abin da ya faru da ni a ƙaramin zaure, mun ga irinsa a babban fage, kuma mu mutanen Maradi mun ji shi a jikinmu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO, wadda 'yan'uwanmu na kudu ke kira ECOWAS, ta zauna a Abuja ranar 30 ga wata ta ba da wa'adin mako guda, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Hanyar Ɗan Isa da ba ta barci ta yi shiru. Shinkafa da magani suka yi tashin gwauron zabo. A watan nan babu abin da muke yi da dare sai kasa kunne a rediyo, muna jiran jin abin da masu shiga tsakani suka fito da shi.

Ranar 3 ga Agusta tsohon shugaban Najeriya Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar suka sauka Yamai, suka juya ba su ga Janar Tiani ba. Ranar 12 ga wata tawagar malaman Najeriya ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da shi, kuma labarin da ya fito shi ne ƙofar tattaunawa a buɗe take. Na tuna yadda aka yi ta murna a majalisarmu, wani har yana cewa kafin sati ya zagayo za a buɗe iyaka. Washegari da dare aka ba da sanarwar cewa za a gurfanar da Mohamed Bazoum bisa zargin cin amanar ƙasa. Ranar 19 ga wata Abdulsalami ya dawo, ya ga Tiani ya ga Bazoum, daga baya ya ce ziyarar ta yi amfani. A daren ranar Tiani ya yi maganar riƙon ƙwarya da ba zai wuce shekara 3 ba, CEDEAO ta ce ba ta karɓa ba. Iyakar nan ba ta buɗe ba sai watan Maris na 2024.

Ban ce wani daga cikin dattawan nan ya faɗi abin da ba haka ba. "Ƙofa a buɗe take" gaskiya ce. "Ziyara ta yi amfani" ma gaskiya ce. Matsalar ita ce mu masu saurare ba mu iya karanta irin wannan harshe ba. An ce mana "mun ji," mu kuma muka ji "mun yarda," kamar yadda na yi wa dattijon Jiratawa. Na san wanda ya ƙi sayen kayan abinci ya ajiye a makon nan, yana jiran farashi ya sauka da buɗe iyaka.

Wani misalin ya fi wannan fitowa fili. A tsakiyar Maris 2024 tawagar Amurka, da Molly Phee da Janar Michael Langley a ciki, ta zo Yamai. Ranar 16 ga wata kakakin gwamnati Kanar-Manjo Amadou Abdramane ya fito a talabijin ya soke yarjejeniyar soja da Amurka, ya kuma zargi tawagar da raini da barazana. Kakakin ma'aikatar harkokin wajen Amurka kuwa, da yake bayyana zaman guda ɗin, kalmar "frank" ya yi amfani da ita, wato an yi magana keke-da-keke. A harshen jakadanci, duk inda ka ga kalmar nan, to an yi musu ne mai zafi. Zama ɗaya, rahoto biyu: ɗaya ya tuɓe wa saɓanin riga, ɗaya ya sa masa babbar riga. Cikin watan Afrilu masu horar da soja na Rasha suka sauka Yamai, kafin ƙarshen Satumba sojojin Amurka sun gama ficewa. Daga wannan sauyi ne aikin da ɗan ƙanwata yake samu yau ya fito.

To, me na gaya masa? Na ce ya fara sanin cewa kalmomin nan tsani ne, kowace da matakinta, kuma waɗanda suka ƙware ba sa taka matakin da ba a kai ba. Idan aka rubuta an yi musayar ra'ayi, to kowa ya faɗi nasa ne aka tashi. Idan aka ce wani ɓangare "took note," ya ji ne kawai, daidai da "mun ji" na dattijo. Sama da shi akwai yin maraba da abu, sama da wannan akwai goyon baya, can ƙoli akwai amincewa. Ta ɓangaren ƙi kuma akwai neman ƙarin bayani, akwai nuna damuwa, akwai ajiye sharaɗi, akwai ƙi ƙarara.

Kada mai karatu ya ɗauka wasa da kalmomi ne. A taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Katowice na ƙasar Folan a Disamba 2018, an kai ruwa rana a kan mataki ɗaya na tsanin nan. Yawancin ƙasashe suna so a rubuta cewa taron ya yi maraba da rahoton masana a kan ɗumamar duniya, Amurka da Rasha da Saudiyya da Kuwait suka ce sai dai a rubuta an ji da shi kawai. A ƙarshe abin da aka yi wa maraba shi ne kammala rahoton a kan lokaci, ba abin da ke cikinsa ba. Haka kuma a taron ƙasashen G20 a Bali ta Indonesiya a Nuwamba 2022, da Rasha a zaune a teburin, an fitar da sanarwar bai ɗaya duk da yaƙin Yukren. Yadda aka yi shi ne aka rubuta cewa yawancin mambobi sun yi tir da yaƙin, sannan aka ƙara cewa akwai wasu ra'ayoyi da wata fahimta dabam. Ba a ce kowa ya yarda ba, ba a kuma kama sunan masu wani ra'ayin ba. Wanda ya tsara jimlar nan ya san aikinsa.

Abu na biyu da na gaya masa shi ne ya kula da kalmar da yake jingina magana da ita, domin a nan ne marubuci ke shigar da son zuciyarsa ba tare da ya sani ba. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya yi iƙirari," wadda Ingilishi ke cewa "claimed," tana nufin ni mai rubutu ban gaskata ba. "Ya nace" ko "ya dage" tana nuna mutum mai taurin kai. "Ya amsa cewa" tana nuna an kama shi ne da laifi. Mu Hausawa muna da wata 'yar ƙaramar kalma da ta fi su duka dafi, ita ce "wai." Ka ce "ya ce bai sani ba," sannan ka ce "wai bai sani ba," ka ji bambancin. Na ce masa, idan ka ba ɓangare ɗaya "ya bayyana," ka ba ɗayan "wai," ka riga ka yanke hukunci, kuma ba a ɗauke ka alƙali ba.

Na uku, idan ka rubuta an saɓa, ka rubuta a kan me. Wannan shi ne darasin sikeli. Da na rubuta cewa manoma ba su ba da amsa a kan shawarar ba, kuma ana bukatar a zauna da su su kaɗai, da tambayar naira ko sefa ta fito tun kafin a sayi bulo ɗaya. Na huɗu, kafin a tashi ka karanta wa kowane ɓangare jimlar da ka jingina masa, da harshen da ya fi ji, ka tambaye shi ko haka yake nufi. Idan kana jin nauyin yin haka a gaban jama'a, ka same shi a gefe. Minti biyar ne. Ni rashin minti biyar ɗin nan ne ya kawo dattijo ƙofar gidana.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, to ai duk wannan lulluɓi ne. Me ya sa ba za a faɗi magana yadda take ba?" Na ce masa akwai bambanci tsakanin suturta magana da binne ta. Dattijon da ya ce "mun ji" bai yi ƙarya ba. Ya bar wa baƙonsa mutunci ne don gobe su iya sake zama a tabarma ɗaya, ya kuma dogara cewa akwai mai hankali a wurin da zai gane. Fadojinmu a nan Maradi da Tibiri sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa ba kowa ake aike ba. Ɗan aiken kirki yana rage wa saƙo zafi, amma ba ya rage masa nauyi. Idan aka ce masa "da kamar wuya," ba ya komawa ya ce an ce "ba komai."

Abin da ya sa na ga ya dace in rubuta wannan, bayan amsa wa yaro ɗaya, shi ne rayuwarmu a jihar nan ta rataya ne a kan zaman da ba mu cikin ɗakin. Gulbin Maradi daga Najeriya yake shigowa, ya ratsa ta Madarumfa da Jiratawa da Maradi da Tibiri, ya sake komawa can, kuma akwai madatsar ruwa a kansa a Jibiya. A Maiduguri aka sa hannu a kan yarjejeniyar raba ruwa tsakanin ƙasashen biyu ranar 18 ga Yuli 1990, ƙarƙashin hukumar haɗin gwiwar Nijar da Najeriya da aka kafa tun 1971. Ga layin dogo na Kano zuwa Maradi da aka aza harsashinsa a Fabrairu 2021. Ga wuta, ga iyaka, ga tsaron ƙauyukanmu na kudu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, wata rana wani yaro kamar ɗan ƙanwata zai zauna a ƙarshen teburi da biro a hannu, ya zaɓi tsakanin "sun ji" da "sun yarda." Manomin Jiratawa ba zai taɓa ganin takardar ba, amma zai ga sakamakonta a gonarsa.

Kuma tun Maris 2025 dokar da ke tafiyar da ƙasar nan ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna, ni ma na yi. Amma idan har Hausa za ta shiga rahoton hukuma da sanarwar bayan taro, to dole mu zauna mu tsara tsaninmu yadda tafintan nan na Rasha ya tsara nasa a ɗan littafin aljihu. Kayan aikin muna da su, ba sai mun ara ba: mun amince, ba laifi, mun ji, sai mun yi shawara, da sauran magana, da kamar wuya, ba za ta saɓu ba. Kowane Bahaushe ya san nauyinsu a baki. Abin da ya rage shi ne masu koyarwa da 'yan jarida da masu fassara su daidaita a kan wace ce ke gaban wace a rubuce, kuma masu karanta labarai a rediyo su daina mayar mana da kowane "an tattauna" ya zama "an cimma matsaya."

Ranar Litinin da yamma yaron ya kira ni. Ya ce abubuwa huɗu aka zauna a kansu, an daidaita a kan biyu, ɗaya an ɗage, ɗaya kuma kowa ya tsaya a kan nasa. Ya ce ya rubuta haka, da dalilin kowane ɓangare, ya karanta musu kafin a tashi. Wani daga cikin manyan da suka ɗauke shi ya ɗan ɓata fuska, ya ce da ya sassauta na huɗun. Ya tambaye ni, "Kawu, kana ganin za su sake kirana?" Na ce masa wannan sai Allah, amma dai babu dattijon da zai hau babur ya zo ƙofar gidanka.

Rumfar nan tana nan har yanzu a kan hanya idan za ka shiga Jiratawa. Awaki ne ke fakewa a cikinta da rana. Duk lokacin da na wuce sai na duba ta. Allah ya jiƙan dattijon, ya rasu shekaru biyu bayan zuwansa gidana. Mu kuma Allah ya ba mu ikon faɗin abin da muka ji yadda muka ji shi.